Amfilifayar Kawu Babba

Ɗakin rediyon Kawu Babba yana can ƙuryar baranda, bayan igiyar shanya. Tun ina 'yar shekara tara nake shigarsa, ga shi yau na haura arba'in, amma ƙamshinsa bai sauya ba: ƙura mai ɗumi, dalma, da tsohuwar takarda. Tebur ɗaya ne a ciki, taga ɗaya, kujera ɗaya. Duk wanda ya shigo bayan mai ɗakin, sai dai ya nemi wuri a ƙasa.

A ƙasan nan na koyi sana'ata. Kawu Babba wan mahaifiyata ne, tsohon malamin lantarki a makarantar koyon sana'a. Yana cikin mutanen nan masu lasisi da lambar kira, waɗanda ke kafa eriya a saman gida su yi ta hira da mutanen da ba su taɓa gani ba, ba don komai ba sai don daɗin abin. Shi ya fara damƙa min ƙarfen narka dalma, shi ya fara yi min dariya ran da na ƙone yatsa. Yanzu ina da shagona na gyaran kayan lantarki a bakin titi, tsakanin tela da mai sayar da fenti. In yana son ya tsokane ni sai ya ce Injiniya. In zuciyarsa ta yi laushi kuwa, Uwata yake cewa, don sunan mahaifiyarsu na ci.

Na'ura uku ce a kan teburin. Akwai tsohuwar rediyon sauraro, mai siririyar wayarta ita kaɗai da ta fita ta taga aka ɗaure a jikin bishiya. Aikinta ji kawai. Akwai ta magana, mai makirfo. Sai ta ukun, baƙin akwati mai nauyin buhun siminti, ita ce amfilifaya. Ita ke karɓar 'yar muryar da ta fito daga makirfo, ta hura mata ƙarfi, ta cilla ta babbar eriyar da ke kan rufi. In babu ita, muryar Kawu ko tsaunukan bayan gari ba ta wucewa.

Da ina ƙarama ya gaya min cewa muryar ba miƙewa take yi ba. Sama take hawa, can inda ba tsuntsu ba jirgi, ta bugi wani rufi da ido ba ya gani, sannan ta sauko a wata ƙasa. Nan take na yarda, kuma har yau ban gama farfaɗowa ba. Wani lokaci ina tsaka da aiki sai in ɗaga kai in kalli sama ta ƙofar shago, in ji a raina cike take da gaisuwar mutane, wata na hawa wata na sauka, mu kuma muna ƙasa muna ta hidimar fis da batir ba mu san abin da ake yi ba.

Abokan hirarsa na da duk sun ƙare, wasu mutuwa, wasu tsufa. Mutum ɗaya ya rage, wanda ke kiransa kullum ƙarfe bakwai na safe. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, autan gidansu, wanda muke kira Kawu Ƙarami.

Shekara ashirin da biyu ke nan rabonsu da ganin juna. Lokacin da kakata, wadda su suke kira Iya, ta kwanta ciwon ajali, Kawu Ƙarami yana nesa wurin aiki. Duk sanda ya aiko yana tambaya, sai wansa ya ce ai da sauƙi, kada ya tada hankalinsa, ya bari sai hutu. Ba ƙarya ya yi niyya ba, kansa yake rarrashi. Ƙanin ya iso kwana biyu bayan an binne ta. Bai yi faɗa ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya yi kwana uku ya tafi, daga nan ba wasiƙa ba waya. Can muka ji ƙishin-ƙishin wai ya haye ruwa.

Shekara shida da suka wuce, wata safiya Kawu Babba yana murɗa rediyo ya ji wani mutum yana kira daga nesa, da wata 'yar sarƙewar murya irin ta mahaifinsu. Ya amsa. Tun daga ranar suke magana kullum, amma fa a matsayin tasha da tasha, lamba ta kira lamba. "Ina jin ka sosai." "Ni ma haka." "A nan hadari ne." "A nan rana." Minti uku an gama. Ba wanda ya taɓa cewa Yaya, ba wanda ya taɓa cewa ya iyali. Tsofaffi biyu da furfurarsu suna wasan ɓuya a sararin sama, alhali kowa ya san kowa. Na sha ce masa ya nemi lambar wayarsa mana, sai ya girgiza kai ya ce, "Injiniya, ba ki san shi ba. In na matsa, ɗan wannan ma rasa shi zan yi."

Wata Talata Inna, matar Kawu, ta kira ni a waya.

"Zo ki ga mutuminki. Abin nan nasa ya yi wata ƙara, ɗakin duk ƙauri, shi kuma ya zauna ya zuba masa ido ko ƙiftawa ba ya yi."

Na rufe shago na tafi. Na zare amfilifayar daga wuta, na tsaya na jira. Ba a yi mata gaggawa, don ko an kashe ta tana ɓoye da wutar da za ta iya aika mutum lahira. Na ɗauko sandar da Kawu ya haɗa tun kafin a haife ni, mai ƙugiyar tagulla a baki da waya zuwa ƙasa, na bi kafasito, wato rumbunan da ke tara wutar, ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa har kowanne ya sauke abin da ya riƙe. Hannuna na hagu yana bayana, yadda aka koya min.

"Hannun nan a baya yake?" in ji Kawu daga kujerarsa.

"A baya yake, Kawu."

"A'a, na ga kin yi ƙiba ne, kada ya kasa kaiwa."

Ciwon bai ɓuya ba. Kafasito ɗaya cikin takwas ya kumbura ya fashe, ya tofar da baƙin ruwa, razistan da ke gefensa ya ƙone ƙurmus. Na ce duka takwas ɗin zan canza, tunda sa'annin juna ne, sauran ma ba za su daɗe ba. Sai da na yi kwana huɗu ina yawo kafin in samu irinsu. A kwana huɗun nan, kullum ƙarfe bakwai Kawu yana zaune gaban rediyon sauraro, yana jin ƙaninsa yana kiran lambarsa, ya saurara, ya sake kira, shi kuma ba bakin amsawa. Inna ta ce shayi har ya huce a gabansa bai sani ba.

Ranar Asabar da la'asar na gama ɗaura sababbin. Saura gwaji.

Akwai wata doka a ɗakin nan da ta girme ni: ba a gwada gyara a kan iska. Sama ta kowa ce, in ji Kawu, ba ka da ikon ka hau ka yi ta fito da ƙirga ɗaya, biyu, uku a kunnen bayin Allah. Saboda haka a ƙarƙashin tebur, can jikin bango, akwai wani tsohon gwangwanin fenti cike da mai, da ƙaton razista nutse a ciki. In aka tura masa ƙarfin amfilifaya sai ya shanye shi tas ya mai da shi zafi, ko tari ba ya fita waje. A ƙasan leɓen teburin kuma an ɗaure wani majuyi, dama eriya, hagu gwangwani. Kawu ya yi shekaru bai taɓa shi ba, bayansa ya daina yarda da sunkuyo. Na durƙusa na murɗa shi hagu, na kunna.

Fanka ta fara hurawa. Can cikin akwatin, kwalaben gilashi biyun da muke kira bawul suka soma farkawa, ja-ja tukuna, sannan ruwan zuma. Babu abin da nake so a sana'ar nan kamar wannan lokacin. Rana ta karkato ta taga, ƙura na iyo a cikinta a hankali, ɗakin ya ɗauki ɗumi. Sai na ga kamar na koma 'yar shekara tara, ina leƙe ta ramukan murfi, ina cewa a raina ai gari ne a ciki, ga fitilu biyu a bakin titi, ga ƙananan gidaje a jere, mutanen garin duk sun fita sun bar ƙofofi a buɗe. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a durƙushe ba.

"Injiniya, barci kike yi ko gwaji?"

Na danna makirfo na ƙirga. Allurar mita ta tashi ta tsaya cak inda ake so. Ƙaramar allurar da ke nuna ƙarfin da ya dawo baya kuwa ko motsi ba ta yi ba. Aiki ya yi kyau, har na ji kaina ya ɗan kumbura. Inna ta leƙo ta ce in ba mu fito ba za ta ba maƙwabta shayin. Na kashe, na tattara kayana cikin jaka.

Ina bakin ƙofa ya ce, "Uwata."

Na juyo.

"Kwana huɗun nan na yi tunani. Yau akwati ne ya mutu, kin tashe shi. Ran da ni ne fa? Haka zai yi ta kira." Ya shafa gemunsa. "Gobe zan gaya masa."

"Me za ka gaya masa, Kawu?"

"Abin da ya kamata in faɗa tun shekara ashirin da biyu."

Na tafi gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Kunya ta hana ni kira in tambayi yadda aka yi, don ba maganar da yaro zai tsoma baki ba ce, ko da yaron ya fara furfura. Amma duk satin nan ina shago hankalina yana sama. Ƙarfe bakwai ina buɗe ƙofa sai in tsaya da makulli a hannu, in ce yanzu maganar Kawu ta tashi daga kan rufi, yanzu ta wuce gajimare, yanzu tana saukowa a kan wani gida da ban taɓa gani ba. Har fenti na yi wa gidan a raina, shuɗi, da kujera ɗaya a ɗakin shi ma. Tela maƙwabcina ya ce ko dai aljanu ne suka fara yi min sallama.

Ranar Juma'a Inna ta sake kira, wannan karon ba wasa a muryarta.

"Ki zo. Kwana shida ke nan yana kulle ƙofa ya yi ta magana, ya fito ido jajur. Abinci ma sai na yi da gaske."

Na same shi zaune, hannuwa a kan gwiwa.

"Amfilifayar nan ba ta da lafiya," ya ce.

"Me take yi?"

"Ba ta yin komai. Zai kira, ya saurara. In danna in gaya masa duk abin da ke raina. In saki. Sai kawai ya sake kiran lambata, kamar ba wanda ya yi magana."

"Mita fa?"

"Tana tashi."

"Har inda ta saba?"

"Har can."

"To Kawu, in mita ta tashi ai..."

"Ki dai duba ta," ya katse ni. Bai kalle ni ba.

Na sa aka kai min ita shago. Kwana biyu ban karɓi aikin kowa ba. Na auna wuta a kowace gaɓa. Na zare bawul na duba ƙafafunsu, na mayar. Na goge bakin rile, ɗan makunnin da ke haɗa ta da eriya, da farar takarda har ta daina fitowa da baƙi. Na bi kowane liƙin dalma da gilashin ƙara gani, na ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba ko wani zai nuna hali, na hura masa zafi da na'urar busar da gashi, don akwai liƙin da ba ya ƙarya sai ya ji ɗumi. Na kunna ta a kan nawa abin gwajin fiye da sau ashirin. Ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba. Gaskiya har haushi na fara ji, don ba abin da mai gyara ya tsana irin a ce aikinsa bai yi ba alhali ya yi.

Ranar Lahadi da yamma na mayar da ita kan tebur, na soka wayoyinta a mazauninsu.

"Ba za ki gwada ba?"

"Na gwada har na gaji, Kawu. Lafiyarta ƙalau. Ko sabuwa ba za ta fi ta ba."

Da murmushi na faɗa, ina jiran a ce sannu da aiki. Sai na ga fuskarsa ta sauka.

"To," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "Ashe yana ji na ke nan."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Kwana biyu yana addu'a a ce akwatin ne ya lalace. Ni kuma na zo da fara'ata na tabbatar masa ƙaninsa ya ji roƙonsa sau shida ya share. Na so in ce wataƙila iska ce ba ta da kyau, amma shi ya koya min karatun mita, ba zan yi masa wannan rainin ba.

Duk da haka bai daina ba. Litinin ya faɗa, Talata ya faɗa. Ranar Laraba da hantsi ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba.

"Ya yi magana yau," ya ce. "Ya ce sati biyu da ɗoriya yana kira. Wai in rashin lafiya ce, Allah ya sawwaƙe. In kuma ra'ayi ne, ya fahimta. Gobe zai kira na ƙarshe, daga nan ba zai ƙara damuna ba."

"Kawu, wannan ai maganar wanda bai ji ka ba ce."

"Maganar wanda ba ya son ya ji ce. Na san shi, bai iya cewa a'a ba, sai dai ya tashi ya bar wurin. Haka ya yi wancan karon. Ki zo gobe. Ba na son in zauna ni kaɗai."

Da safe aka tashi da yayyafi. Titi ya jiƙe, motoci na tafiya a hankali, komai ya yi laushi kamar garin bai gama farkawa ba. Bakwai saura kwata ina ɗakin. Kawu ya sa farar rigarsa ta fita unguwa, har da turare. Na zauna a wurina na ƙasa, na jingina da ƙafar tebur, na miƙe ƙafafuna ƙarƙashinsa. Ya kunna komai. Fanka na hurawa, bawul na haske, rediyon sauraro tana shuuu, yayyafi na amsa mata a kan kwano. Ta taga ina hango babbar eriyar tana rangaji a iska, ɗigon ruwa na bin wayarta.

Bakwai daidai muryar ta fito. Na sha jin ta, amma ban taɓa saurarenta irin na ranar ba. Murya ce ta tsoho, tana zuwa tana ɗan nutsewa, kamar mai magana daga ɗaya gefen kogi. Ya kira lambar Kawu sau uku, ya faɗi tasa, ya ce yana saurare.

Kawu ya danna makirfo ya fara.

Ba zan maimaita duk abin da ya faɗa ba, ba nawa ba ne. Ya yi maganar Iya, da yadda take tambayar ko Auta ya iso duk sanda aka taɓa ƙofa. Ya ce tsoro ne ya hana shi faɗin gaskiya, yana ganin in bai furta ba abin ba zai faru ba. Ya faɗi zanen da aka lulluɓe ta da shi, da kofin da ta sha ruwa na ƙarshe, wanda har yau yana cikin kabad ɗinsa. A tsare maganar take fita, don safiya tara yana faɗarta, ta goge ta yi santsi. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon allurai, don kada in kalli fuskarsa. Babbar ta tashi ta tsaya. Ƙaramar tana kwance abinta.

Tana kwance. Na sake kallon taga. Eriya na rangaji, ruwa na bin ta. Tun ina yarinya na san in eriya ta jiƙe ko iska na kaɗa ta, ƙaramar allurar nan sai ta yi rawa, ko yaya ne. Eriyar gaske ba ta taɓa zama lafiya lau haka ba. Ina cikin wannan tunanin na ɗan gyara zama, ƙaurina ya taɓa wani abu can jikin bango.

Da ɗumi.

Na kai tafin hannu na dafa gwangwanin. Ɗumi ne sosai, irin na goshin yaro mai zazzaɓi. Tun ranar Asabar ɗin nan da na durƙusa ina kallon garin da ke cikin akwati, ban mayar da majuyin dama ba. Duk roƙon da tsohon nan ya yi, da Iya, da zanen, da kofin, ko rufin ɗakin ba su kai ba. Nan suka gangara ƙarƙashin tebur suka shige cikin mai, suka ɗumama shi, ya huce kafin azahar.

Ba a murɗa majuyi ana tsaka da magana, wuta za ta ci bakinsa. Dole na jira har ya kai aya ya saki. Shuuu ta dawo. Sai muryar can ta ce, a hankali, "To, shi ke nan. Allah ya sada mu da alheri. Na rufe."

Kawu ya kai hannu zai kashe.

"Kada ka kashe!" Ban san na yi ihu ba. Na rarrafa na laluba ƙasan leɓen tebur, na murɗa majuyin dama har ya ce ƙas. Na ɗago kaina ya bugi tebur, ban ko ji zafi ba.

"Kawu, a gwangwani yake. Ni na bar shi. Tun ranar da na yi gyara."

Ya dube ni, ya dubi ƙarƙashin teburin, ya sake dubana. Na jira faɗa. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi.

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Ke nan bai ji komai ba."

"Ko kalma ɗaya."

"Bai ƙi ni ba ke nan." Ya faɗe ta a hankali, yana ɗanɗana ta. Sai kuma idonsa ya koma kan rediyon. "Amma ya ce ya rufe."

"Danna, Kawu. Danna kawai."

Ya danna. Na miƙe na kama maɓallan gaban amfilifayar na ɗan daidaita su da sauri, ban damu da dokar ɗakin ba. Babbar allura ta tashi. Ƙaramar ta ɗaga kai ta fara rawa, tana bin iskar da ke waje. Ya kira lambar sau uku ya saki.

Shuuu.

Ya sake kira. Muka kasa kunne. Wani abu ya yi ƙyas-ƙyas can nesa, tsawa ce a wata ƙasa. Na rufe ido ina ganin shuɗin gidan nan da na gina a raina, da kujerar, ina roƙon Allah ya sa mutumin bai tashi daga kanta ba, ya sa yana neman takalminsa ne, ko hannunsa na kan makunni ya kasa murɗawa. Inna ta zo bakin ƙofa ta tsaya da faranti a hannu, ba ta shigo ba.

Karo na uku Kawu bai faɗi lamba ba. Ya ce, "Auta. Yayanka ne."

Ya saki. Na ƙirga numfashina har bakwai.

Sai shuuu ɗin ta yanke, kamar an buɗe ƙofa. Wani ya danna makirfo a can, amma bai yi magana ba tukuna, numfashinsa kawai muke ji. Sannan ya ce, "Ina ka shiga?"

Kawu ya buɗe baki. Na zaci doguwar maganar nan za ta sake fitowa a tsare, amma ina, ta tafi. Ya laluba ya rasa. Leɓensa na motsi, babban yatsansa ya yi fari a kan madannin, allura na tsaye tana jiransa. Da ƙyar ya ce, "Ni na hana ka ganin Iya. Ka yafe min."

Ya saki, ya ajiye makirfon a kan tebur kamar ya ƙone shi.

Na fara tsoron ko wani abin ya sake lalacewa. Yayyafi ya ɗan ƙaru. Sannan muryar ta dawo, tar da ita, kamar mutumin yana tsaye a baranda.

"Akwai hayaniya a wajena," ya ce. "Ban ji sosai ba. Sake faɗa."

Na kalli mita. Na san aikina, kuma yau na san inda muryar ta bi. Da irin ƙarfin nan, a irin safiyar nan, ko haɗiyar yawun Kawu ya ji.

Kawu ya juyo ya dube ni, hawaye na shiga gemunsa, kafaɗunsa na girgiza da dariya.

"Kin ji ɗan banza, Uwata? Ya ji fa."

"Ya ji, Kawu."

Ya goge fuska da hannun farar rigarsa, ya jawo makirfon kusa da bakinsa, ya danna, ya sake faɗa masa a hankali, kalma bayan kalma.